Hanyar Koyon Shari'a: Daga Zauren Malam Zuwa Bagauda

Duk wanda ya taɓa tsayawa Jega ran kasuwa ya san ba ƙaramin gari ba ne wajen ciniki. Hanya ta fito daga Sakkwato, wata daga Birnin Kebbi, wata kuma ta yi kudu ta bi ta Maiyama ta nufi Koko da Yawuri, duk a nan suka gamu. Ga albasar Aliero ana lodinta buhu buhu za a kai Kudu, ga shinkafa da gero, ga shanu da tumaki. To, inda dukiya ke yawo haka rigima ba ta ƙarewa. Wani ya karɓi kaya bashi ya ƙi biya, wani dabbobi sun shiga masa gona, wasu kuwa ubansu ya rasu ya bar fadama, an rasa yadda za a raba. In sulhun dattawa ya gagara sai a dangana da kotu. Ran nan ne talaka ya kan gane abin da ke kare masa gonarsa shi ne ilmin mutumin da ke zaune bisa kujerar alƙali, da ilmin wanda ya ɗauka ya tsaya masa. Don haka muka ga ya kamata mu bi sawun wannan ilmi, mu ga inda a ke samo shi, da irin zaman da ɗalibansa ke yi.

Garuruwan nan uku, Jega da Aliero da Maiyama, duk cikin ƙasar Gwandu su ke, ƙasar Gwandu kuwa ba baƙuwar shari'a ba ce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke Gwandu, shi ya rubuta Liya'ul Hukkami wajen shekarar 1807 sa'ad da ya sauka Kano, don ya nuna wa masu mulki da alƙalai iyakar abin da aka halatta musu. A zamanin da, wanda ke son ya zama alƙali ba ya cika wata takardar neman shiga makaranta. Zaure ya ke zuwa. In ya sauke Alƙur'ani sai ya ɗauki Ahalari, sa'an nan Ishmawi, da Iziyya, da Risala ta Ibn Abi Zaidin, har ya kai ga Askari da Muhtasar na Shehu Halilu. Mai nufin hukunci tsakanin mutane kuwa lalle ne ya haɗa da Tuhufa ta Ibn Asim, gama ita ce ta yi bayanin ƙara, da shaida, da rantsuwa. Almajiri ya karanto layi da Larabci, malam ya fassara masa kalma kalma da Hausa, gobe ya dawo ya biya. Ba ƙararrawa, ba jarrabawa, ba ranar fita. Wani ya shekara goma, wani ashirin. Daga nan sai ya zauna kusa da wani alƙali a matsayin muhuti, yana ji yana gani, har ranar da sarki ya ga ya isa ya naɗa shi.

Wannan hanya tana da aibinta, kada mu ɓoye. Alƙalanci ya kan zama gadon gida, ɗan da bai kai ubansa sani ba ya hau buzunsa. Amma tana da wani alheri guda da ya kamata a riƙe a zuci har ƙarshen wannan bayani: tun ranar farko da Hausa a ke warware wa ɗalibi kowace mas'ala, saboda haka ran da ya zauna yin hukunci ya san yadda zai faɗa wa manomi abin da littafi ya ce da bakin da manomin ke ji.

Makarantar Kano

Da Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903 ba su rushe kotunan alƙalai ba. Suka bar su ƙarƙashin En'e, suka yi musu daraja daraja, Razdan da Di'o suna duba littattafansu. Sannu a hankali aka ga bukatar a tara masu neman alƙalanci wuri guda a koya musu bisa tsari. Cikin 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan, kowace En'e tana aiko da nata yara. Cikin 1947 aka faɗaɗa ta aka sake mata suna, ta zama Makarantar Koyon Larabci. Sakkwato ma an yi makarantar alƙalai, wadda Malam Junaidu ya shugabanta kafin a naɗa shi Waziri cikin 1948. Cikin waɗanda Lardin Sakkwato ya aika Kano har da Malam Abubakar Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa cikin 1962. A wannan makaranta ɗalibin shari'a ya kan zauna bisa benci, da allo a bango, da jarrabawa a ƙarshen shekara.

Lauya kuwa a lokacin nan baƙo ne ƙwarai a Arewa. Doka ma ba ta yarda ya tsaya gaban alƙali ba, sai kotun joji. Wanda ke son ya zama lauya sai ya ƙetare teku zuwa Ingila, ya shiga ɗaya daga cikin gidajen lauyoyi huɗu na birnin London. Mutanen Kudu sun daɗe da gane wannan hanya, gama Sapara Williams ya zama lauya tun 1879. Arewa ba ta sami nata na fari ba sai 1955, watau Abdulganiyu Abdulrazaƙ na Ilori. Shekara guda bayansa Muhammadu Bello na Katsina ya fito daga Lincoln's Inn, shi ne ya zama Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Mai karatu ya lissafa da kansa: shekara 76 tsakanin lauyan farko na Kudu da na Arewa.

Da mulkin kai ya matso sai Gwamnatin Arewa ta kira wani kwamiti na masana cikin 1958, shugabansa Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, tare da wani joji daga Pakistan da wani shehun malami daga London da wasu manyan Arewa. Bisa shawararsu aka yi sabuwar dokar laifuffuka, wadda ta fara aiki ran 30 ga Satumba 1960. Wannan ya jawo wani abin da ba a taɓa gani ba. Dattawan alƙalai masu furfura, waɗanda suka haddace Muhtasar, aka riƙa kwaso su rukuni rukuni zuwa Makarantar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya, su koma ɗalibai, a koya musu doka mai lamba da sashe. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962, a harabar nan ta Kongo aka ajiye sashen shari'a, har yau kuwa yana nan. Daga baya gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e cikin 1968, kotun sarki ta tashi, alƙali ya zama ma'aikacin gwamnatin jiha.

Cikin shekarar 1962 ɗin dai aka yi dokar da ta kafa Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya. Ta buɗe a Ikko cikin Janairu 1963, a wani gida a titin Igbosere, da ɗalibai 8 kacal. Cikin 1997 aka mai da hedikwatarta Bwari kusa da Abuja. Yanzu tana da rassa a Ikko, da Inugu, da Yola, da Yenagoa, da Fatakwal, da kuma Bagauda ta Jihar Kano, dubban ɗalibai kuma ke ratsa ta kowace shekara.

Yadda ɗan Aliero zai bi yau

Akwai jami'a a Aliero tun 2006, daga baya ma aka sa mata sunan Abdullahi Fodiyo. Amma don kimiyya da fasaha aka kafa ta. Yaron da ya gama sakandare a wannan yanki yana son shari'a, hanyar da aka saba bi ita ce ta Sakkwato, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo wadda aka kafa cikin 1975, ko kuwa Bayero ta Kano, ko Kongo. A Sakkwato Abubakar Malami na Birnin Kebbi ya yi nasa karatun, ya zama lauya cikin 1992, ya riƙe Ministan Shari'a daga 2015 zuwa 2023. Shiga sashen shari'a ba sauƙi, domin hukumar da ke kula da horon lauyoyi ta yanka wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, jami'ar da ta wuce iyaka kuwa ɗalibanta ke shan wahalar jiran gurbi bayan sun gama.

Karatun shekara 5 ne, in ba yajin aiki. Jami'o'in nan na Arewa suna da wani tsari mai kyau, watau ɗalibi ya iya haɗa dokar da aka gada daga Ingila da shari'ar Musulunci cikin digiri guda. Da safe ya ji dokar yarjejeniya da tsarin mulki da Turanci, da rana ya ji gado da aure da usulul fiƙhi. Tun daga nan a ke fara sa shi tufafin baƙi da fari. Uban da ya sayar da albasa ya biya kuɗin makaranta ya kan zaci da an gama shekara biyar ɗin nan ɗansa ya zama lauya. Ina! Da sauran aiki. Mai digiri bai isa ya buɗe baki gaban joji ba sai ya ratsa Makarantar Horon Lauyoyi.

Ba kuma shi ke yanke inda za a kai shi ba. Ɗan Maiyama ya iya samun kansa a Yenagoa cikin ruwan sama da bai taɓa ganin irinsa ba, ɗan Fatakwal kuma ya sha hunturun Bagauda. Wannan abu ne mai amfani, gama da yawansu nan ne su ke fara zama ɗaki guda da mutumin wata ƙabila. Bagauda tana can bakin tafki, nesa da birnin Kano, a wurin da a dā otal ne. Ba abin da ke wurin sai karatu.

Zaman wajen shekara guda ne, darussa biyar: yadda a ke gudanar da shari'ar laifi, da shari'ar haƙƙi tsakanin mutane, da sha'anin kamfani, da sha'anin filaye da gidaje, da kuma ladabin aikin lauya. A jami'a an koya masa abin da doka ta ce, nan kuwa ana koya masa yadda a ke aiki da ita: yadda a ke rubuta takardar ƙara, da neman beli, da yarjejeniyar sayar da gida, da wasiyya, da yadda a ke yi wa mai shaida tambayar ƙure. Ana ɗaukar sunan wanda ya zo aji kullum, wanda fashinsa ya yi yawa ba ya zama jarrabawa. Namiji da baƙar kwat da farar taguwa da lakataye, ko da zafin bazara ya kai inda ya kai. A kan raba su ƙungiya ƙungiya a ba su aiki da yamma, gobe malami ya kira wanda ya ga dama ya tashi gaban ɗaruruwan mutane ya yi bayani. Yaron da Turancinsa na littafi ne, bai saba magana da shi ba, ran nan ya kan ji gumi na bin bayansa. A tsakiyar shekara sai a sallame su makonni su tafi su zauna a kotu suna rubuta abin da suka gani, sa'an nan wasu makonni a ofishin wani lauya.

Akwai wata al'ada da ta kan ba mutanenmu dariya in an ba su labari. Wajibi ne kowane ɗalibi ya halarci liyafar cin abinci sau uku tare da dattawan lauyoyi, cikin cikakken tufafi, da wuƙa da cokali mai yatsu, ba mai zama sai manya sun zauna, ba mai tashi sai sun tashi. Daga gidajen lauyoyin London aka kwaso ta. Wanda bai ci ba, ko ya ci jarrabawa ba a rantsar da shi. Bayan jarrabawar ƙarshe, wadda ke kayar da mutane da yawa kowace shekara, sai a tara waɗanda suka haye a Abuja, su sa baƙar alkyabba da farar hular gashi, dattawan lauyoyi su karɓe su, a rubuta sunansu a Kotun Ƙoli. Sha'anin tufafin nan ya taɓa ta da ƙura. Cikin Disamba 2017 aka hana Firdausi Amasa shiga zauren rantsarwa don ta ƙi cire hijabi, aka yi ta muhawara har majalisa, daga baya aka rantsar da ita da hijabinta cikin Yuli 2018. Mata kuwa sun daɗe da shiga wannan aiki: Aloma Mukhtar ta Kano ta zama lauya a Ingila cikin 1966, ta kuma zama Babbar Jojin Nijeriya cikin 2012.

Komawa gida

To, sabon lauya ya dawo Jega da hularsa cikin akwati. Wace ƙara za a fara kawo masa? Da wuya ta kamfani ce. Ga misalin irin wadda ya fi yiwuwa ya gani. Wani dattijo ya zo ya ce gonar ubansa ce aka ba maƙwabci aro tun yana yaro, yanzu 'ya'yan maƙwabcin sun ce tasu ce, gama shekara talatin suna nomanta. A kotun shari'a za a yi, tun da Jihar Kebbi, wadda aka yanko daga Sakkwato cikin 1991, ta bi sahun jihohin da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci cikin 2000, lauya kuma yanzu yana da ikon tsayawa gaban alƙali. Nan lauyanmu zai gamu da hauzi, watau ƙa'idar Malikiyya cewa wanda ya riƙe ƙasa shekara 10 yana aiki da ita, mai ita yana nan yana gani bai yi magana ba, kuma ba abin da ya hana shi, to ba a sauraron da'awarsa in ba dangi ba ne, tsakanin dangi kuwa wa'adin ya fi haka nisa. Amma in an tabbatar aro ne ko jingina, hauzi ba ya aiki kome daɗewa. Saboda haka duk shari'ar ta rataya bisa shaidun da za su ce aro ne. Su wa za a karɓa? Shaida ɗaya da rantsuwa ya isa? Wa za a ɗora wa rantsuwar? Kafin hukunci kuma lalle alƙali ya yi izari, ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran magana. Sau da yawa a kan rushe shari'a a sama saboda an manta da wannan tambaya guda.

Duk waɗannan suna cikin Tuhufa da Muhtasar, littattafan zaure. Shekarar Bagauda kuwa an gina ta ne bisa ƙa'idodin babbar kotu. Wanda ya haɗa shari'ar Musulunci a jami'a ya ɗan sami abin kamawa, wanda bai haɗa ba sai ya koma ɗalibi a hannun magatakardan kotu ko wani malamin unguwa, in yana da tawali'un yin haka. Malamin zaure shi ma yana da nasa gibin. Ya san hauzi sarai, amma bai san dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun Gwamna ba, bai kuma san sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita ikon Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amura irin su aure, da gado, da wasiyya, da kyauta, da waƙafi, da riƙon yara ba. Manyan kotuna sun sha yanke cewa rigimar mallakar gona zalla ba ta cikin wannan jeri. Mutum ya iya ɗaukaka ƙara inda ba nan ba ne, ya yi nasara, ya yi murna, bayan shekaru a je Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya da ke Sakkwato a ce kotun nan ba ta da hurumi, a koma farko. Kafin nan an sayar da bijimin noma, wani cikin shaidu ma ya riga mu gidan gaskiya.

Ga kuma maganar harshe, wadda a ganinmu ita ce babba. A kotun alƙali da Hausa a ke magana, da Hausa a ke rubutawa. In ƙara ta hau sama sai an juya takardun duka zuwa Turanci. Abin da dattijon nan ya faɗa da bakinsa ya zama abin da mai fassara ya rubuta. In mai fassara ya sa kalmar kyauta inda aka ce aro, gona ta tafi. Lauyoyi su yi ta musu da Turanci bisa wata magana ta Larabci, mai gona yana zaune a benci na baya bai san an zo kansa ba sai ya ga ana tattara takardu. Ɗalibin nan kuwa ya yi shekara shida ana gwada shi da Turanci, ba a taɓa tsayar da shi an ce ya bayyana wa manomi ma'anar beli ko hurumi da Hausa ba. Wasu har kunya su ke ji, sai su yi ta cusa kalmomin Turanci don a san sun yi karatu.

Tsarin Mulki kansa ya san ana bukatar masu ilmi biyun nan, don ya ce cikin alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya lalle a sami aƙalla uku masana shari'ar Musulunci. Jega ma ta ba da nata ɗan a wannan kotu, watau Mai Shari'a Abubakar Abdulƙadir Jega, wanda ya shugabanci reshenta na Abuja, ya rasu cikin turmutsutsun Mina ran 24 ga Satumba 2015, Allah ya jiƙansa. Amma talaka ba can sama ya ke fara gamuwa da shari'a ba, a ƙaramar kotun garinsu ya ke gamuwa da ita.

Gyaran da mu ke gani ba mai tsada ba ne. Makonnin nan da a ke tura ɗalibai kotu, a ba ɗan Kebbi dama ya yi wani kashi nasu a kotun shari'a ta Jega ko ta Maiyama, ya zauna kusa da magatakarda, ya ga yadda a ke rubuta da'awa da yadda a ke rantsar da mutum. Sassan shari'a na Sakkwato da Kano da Kongo su sa darasin fassarar takardun kotu tsakanin Hausa da Turanci da Larabci, da jarrabawarsa, su kuma haɗa kai da malaman Hausa su fitar da ƙamus guda na kalmomin shari'a wanda kotuna za su yarda da shi. Malaman zaure da ke karantar da Tuhufa har yau a Gwandu da Jega a riƙa gayyatarsu aji, su ma a buɗe musu gajeren kwas kan Tsarin Mulki da dokar filaye, kamar yadda aka yi wa alƙalai a Kongo gab da 1960. Wancan karon dattawa ne suka bar kujerunsu suka tafi Zariya, wasu daga garuruwan da mota ba ta shiga da damina.